Farar mujiyar da ta tara jama'a a gaɓar tekun Kalifoniya: tambayoyi da amsoshi

A watan Disamba na 2022 wata farar mujiya, irin wadda mazauninta yake can ƙuryar arewacin duniya inda ƙanƙara ke rufe ƙasa mafi yawan shekara, ta bayyana a kan rufin gidaje a garin Cypress da ke kudancin jihar Kalifoniya ta Amurka, 'yan kilomitoci kaɗan daga bakin teku. Ta shafe makonni a unguwar. Masu kallon tsuntsaye suka yi ta tururuwa daga garuruwa na kusa da na nesa, gidajen talabijin suka kafa kyamarori, maƙwabta suka saba da ganin baƙi cike da layinsu tun da sassafe. Ga tambayoyin da aka fi yi kan wannan tsuntsuwa, da kan mutanen da ke bin sawun irinta a duk lokacin sanyi.

Wace irin mujiya ce wannan?

Tana cikin manyan mujiyoyin duniya, kuma a Arewacin Amurka babu wadda ta kai ta nauyi. Ta kan kai kilo 2, wani lokaci ta haura, idan kuma ta buɗe fukafukanta faɗinsu ya kan kai kusan mita ɗaya da rabi. Macen ta fi namijin girma. Idanunta rawaya ne fat, bakinta baƙi ne amma gashin fuska ya kusa rufe shi, ƙafafunta kuma a lulluɓe suke da gashi har kan farata saboda sanyi.

Ba kowace ce fara tas ba. Tsohon namiji ne ke yin fari ƙal, mata da ƙanana kuwa jikinsu da zane-zanen baƙi. Ta Cypress tana da irin wannan zanen sosai, shi ya sa tun farko aka san ba tsohon namiji ba ne.

Tana hayayyafa a yankin Aktik, wato arewacin Alaska, Kanada, Greenland, Rasha da wani sashe na ƙasashen arewacin Turai. Can babu bishiya ko ɗaya, fili ne fetal, don haka a ƙasa take sheƙa, a kan ɗan tudu inda za ta hango ko'ina.

To mene ne abin mamaki don an gan ta a Kalifoniya?

Nisa. Daga ƙarshen arewacin Alaska zuwa Los Angeles, babban birnin da ke kusa da Cypress, ya haura kilomita 4,000, tafiyar da ta fi nisan Kano zuwa Makka. A lokacin sanyi fararen mujiyoyi kan sauko kudancin Kanada da jihohin arewacin Amurka, wannan ba sabon abu ba ne. Amma kudancin Kalifoniya wuri ne na rana da itatuwan dabino na ado, kuma an yi sama da shekara 100 ba a samu labarin ganin irinta a yankin ba.

Tun a watan Nuwamba an ɗauki hoton wata farar mujiya a San Pedro, dab da tashar jiragen ruwa ta Los Angeles, sannan ta ɓace. Da ta Cypress ta bayyana, mutane da yawa suka ɗauka ita ce ta matsa gaba kaɗan. Tsarin rayuwarta a unguwar bai ɓuya ba. Da rana tana zaune a kan rufi ko kusa da bututun hayaƙi, ido a lumshe, jifa-jifa ta gyara gashinta. Da magariba ta miƙe, ta miƙa fukafukai, ta tashi ta nufi filin sansanin soja na Los Alamitos da ke kusa, inda akwai sarari da ciyawa da ƙananan dabbobi. An yi mata gani na ƙarshe ranar 16 ga Janairu, 2023.

Ta yaya ta iso can?

Masana sun kawo hanyoyi uku. Ta farko, da fukafukanta ta zo, tana bin gaɓar teku sannu a hankali. Ta biyu, ta sauka a kan jirgin dakon kaya a arewacin tekun Pasifik, jirgin ya kawo ta tashar Los Angeles ko ta Long Beach, waɗanda ke cikin tashoshi mafi hada-hada a Amurka. Ta uku, wani ne ya ajiye ta a ɓoye ta kuɓuce masa. Ganin da aka fara yi a San Pedro, a bakin tasha, ya sa bayanin jirgin ruwa ya fi kwanta wa mutane da dama a rai.

Da gaske mujiya tana hawa jirgin ruwa?

Ƙwarai kuwa. Wannan tsuntsuwa ba ta tsoron ratsa teku, kuma idan ta gaji a tsakiyar ruwa duk abin da ta samu a kai take sauka. Ma'aikatan jiragen da ke ratsa arewacin tekun Atlantika sun sha ɗaukar hotunan fararen mujiyoyi zaune a kan kwantena, wasu har jirgin ya kai su kusa da tashoshin Beljiyam da Holan. A watan Nuwamba na 2011 wata ta bayyana a filin jirgin saman Honolulu a tsibirin Hawaii, tsakiyar tekun Pasifik, inda ba a taɓa ganin irinta ba. Abin takaici, jami'an filin harbe ta suka yi don gudun kada ta yi karo da jirgi.

Ba yunwa ce ke koro su daga gida ba?

Haka aka daɗe ana zato, har a littattafai: abinci ya ƙare a arewa, mujiyoyi sun gudo kudu a rame, yawancinsu ba za su koma ba. Bincike na baya-bayan nan ya nuna cewa a manyan shekarun kwararowa, akasin haka ne ya fi faruwa. Ƙoshi ne ke kawo su.

Rayuwar farar mujiya a rataye take da wani ɗan ɓera mai gajeren bindi da ake kira lemin. Yawan wannan ɓeran hawa da sauka yake yi. Duk bayan shekara uku zuwa biyar sai ya yi ambaliya a wani yanki, sannan ya ragu ƙwarai. A shekarar da ya yi ƙaranci, mujiya na iya ƙin yin ƙwai gaba ɗaya. A shekarar da ya yi yawa kuwa, uwa ɗaya na iya saka ƙwai har 11, kuma mafi yawan 'ya'yan su rayu. A 2013 an ɗauki hoton wata sheƙa a arewacin lardin Quebec na Kanada, namijin ya jera gawar lemin kusan 70 kewaye da ita tun ƙwan bai ƙyanƙyashe ba.

Sakamakon wannan yalwa ya fito a sanyin da ya biyo baya. Dubban ƙananan mujiyoyi da aka haifa a bazarar suka bazu kudu a tafiyarsu ta farko. A farkon Disamba na 2013, wani sanannen mai kallon tsuntsaye, Bruce Mactavish, ya ƙirga kusan 300 a ƙarshen mako guda a yankin Cape Race na tsibirin Newfoundland a Kanada. Suka cika gaɓar gabashin Amurka, ɗaya ta kai tsibirin Little Talbot a jihar Florida, wasu har tsibirin Bermuda da ke cikin tekun Atlantika. An yi shekaru da dama ba a ga irin wannan kwararowa a gabashin nahiyar ba. Masanan da suka kama su suka ɗora a sikeli sun tarar da yawancinsu da ƙiba da lafiya.

Wannan ba ya nufin babu masu ramewa. Ƙaramar da ba ta ƙware da farauta ba na iya galabaita, kuma irinsu ne ake tsinta a kai asibitin dabbobi, shi ya sa aka daɗe ana ɗaukar duk haka suke.

Me ya sa sai bakin teku da filayen jirgin sama?

Tsuntsuwar da ta tashi ba ta san bishiya ba, daji ba ya mata daɗi. Sarari take nema, inda za ta hau ɗan tudu ta ga komai. Tuddan rairayi na bakin teku, da katangun duwatsu da ake ginawa su shiga cikin ruwa, da gonakin da aka girbe, da filayen jirgin sama, su ne suka fi kama da gida a idonta. Ga kuma abinci, domin gaɓa cike take da agwagin ruwa da sauran tsuntsaye a lokacin sanyi, ciyawar filin jirgi kuma ba ta rasa ɓeraye da zomaye.

Filin jirgin sama na Logan da ke bakin ruwa a Boston ya yi suna a kan wannan. Tun 1981 wani masani mai suna Norman Smith yake kama fararen mujiyoyi a wurin, ya sa musu zobe a ƙafa, ya kai su bakin teku nesa da jirage ya sake. Waɗanda suka bi ta hannunsa sun haura 700, kuma a sanyin 2013 zuwa 2014 kaɗai ya kama fiye da 100. A Disamban 2013 hukumar filayen jiragen New York ta harbe guda uku a filin JFK. Jama'a suka yi caa, ana nuna musu abin da Boston ke yi shekara da shekaru, cikin 'yan kwanaki hukumar ta sanar za ta koma kamawa da sakewa.

Ta yaya masu kallon tsuntsaye ke samun labari da sauri haka?

A da ta wayar tarho ake yi, akwai lambar da mutum zai kira ya saurari saƙon da aka naɗa na baƙin tsuntsayen da aka gani a makon. Yanzu komai ya koma wayar hannu. Babbar matattarar ita ce eBird, wadda sashen nazarin tsuntsaye na Jami'ar Cornell da ƙungiyar kare tsuntsaye ta Audubon suka buɗe a 2002. Mutum ya fita, ya rubuta duk tsuntsun da ya gani da adadinsa da wuri da lokaci, ya ɗora hoto idan akwai. Idan baƙon tsuntsu ne, saƙo ya tafi ga duk wanda ya nemi a riƙa sanar da shi. Ga kuma zaurukan WhatsApp da Facebook na kowane yanki. Kafin azahar motoci sun fara isowa.

Su ma masu wannan sha'awa ba kaɗan ba ne. Ƙididdigar hukumar kula da namun daji ta Amurka ta 2022 ta nuna mutum miliyan 96 ne ke kallon tsuntsaye a ƙasar, har da masu yi daga ƙofar gida. A cikinsu akwai masu ajiye jerin duk irin tsuntsun da suka taɓa gani a rayuwa, kuma su ne ke iya tuƙi dare guda don ƙara suna ɗaya a jerin.

Wa ke tabbatar da cewa abin da aka gani gaskiya ne?

Ido na yaudara. Farar leda da ta maƙale a tudu, ko farin bokiti a tsakiyar gona, sun sha tayar da mutane daga barci. Saboda haka idan rahoto ya shiga eBird na tsuntsun da bai kamata a gan shi a wurin ba, na'ura kan tsayar da shi sai wani ƙwararre na yankin ya duba. Bayan haka jihohi da ƙasashe suna da kwamitocin tantance baƙin tsuntsaye. Na Kalifoniya yana aiki tun 1970. Suna duba hotuna, su karanta bayanin shaidu, sannan su kaɗa ƙuri'a.

A kan mujiya irin wannan, tambaya biyu ake yi. Shin ta daji ce ko ta keji? A nan ana duba ƙafa ko akwai zobe ko igiyar fata irin ta masu kiwon shaho, a duba bakin gashin jela da na fukafukai ko sun goge irin gogewar da keji ke jawowa, a lura ko ta iya farauta da kanta. Sannan, shin ita ce aka gani jiya a wani gari ko wata ce daban? Zanen baƙin da ke jela da fukafukai ya bambanta daga wata zuwa wata, don haka hotuna biyu masu kyau na iya warware gardama.

Akwai kuma wata shaida da ake tsinta a ƙasa. Mujiya kan haɗiye ƙaramin abin da ta kama ɗungurungum, bayan sa'o'i ta amayo dunƙulen gashi da ƙasusuwan da cikinta bai narkar ba. Idan aka warware dunƙulen a kan takarda, ana samun ƙoƙon kai da haƙora da ke nuna ainihin abin da ta ci. Hanya ce ta sanin ko tana samun abinci ba tare da an taɓa ta ba.

Ana sa musu na'urar bin sawu?

Ana sa wa wasu. Kwararowar 2013 ce ta haifar da shirin Project SNOWstorm, wanda marubuci kuma masanin tsuntsaye Scott Weidensaul da David Brinker da wasu abokan aikinsu suka kafa cikin gaggawa, da kuɗin da jama'a suka tara. Ana goya wa mujiya wata 'yar na'ura mai nauyin kusan giram 40, mai caji da hasken rana. Tana naɗar inda tsuntsuwar take, ta aiko ta hanyar layin wayar salula. Idan mujiyar ta koma Aktik inda babu sabis, na'urar ta ci gaba da ajiya, ranar da ta dawo kudu sai duk labarin tafiyar ya sauko lokaci guda.

Abubuwan da aka gano sun sauya yadda ake kallonta. Wasu kan tashi da dare su shiga teku su kamo agwagwa a kan ruwa. Wasu kan yi makonni a kan ƙanƙarar manyan tafkunan da ke tsakanin Amurka da Kanada, ba su taka ƙasa ba, suna farauta a tsagar da ruwa ya buɗe. Wata ta zauna a fili ɗaya duk lokacin sanyi, wata kuma ta yi yawon ɗaruruwan kilomitoci. Wani binciken da aka yi a Kanada ya nuna manya da yawa ba sa ma zuwa kudu, a kan ƙanƙarar tekun Aktik suke cinye sanyin cikin duhu.

Wannan cincirindo ba ya cutar da ita?

Yana iya cutarwa, kuma a nan ne ya kamata duk mai son tsuntsaye ya tsaya ya yi wa kansa hisabi. A mazauninta na Aktik lokacin bazara rana ba ta faɗuwa, don haka mujiyar na farauta da haske. Amma a wuraren da take yin sanyi, yawanci da magariba da dare take aiki, rana lokacin hutunta ne. Wanda ya same ta zaune a kan tudu da hantsi, barcinta ya tarar.

Matsalar ita ce ba ta nuna tsoro da wuri. Ƙaramar da aka haifa inda babu mutane ba ta san mutum ba, sai ta zauna tana kallo har a matso kusa, mai kyamara ya ɗauka ba ta damu ba. Alamun a bayyane suke ga mai lura. Mujiya mai natsuwa a takure take, ido a lumshe, kai na juyawa a hankali. Idan ta buɗe ido tar ta kafe ka da su, ta miƙe tsaye, ta fara ɗaga kai tana saukewa, ko ta yi kashi tana shirin tashi, ka riga ka wuce iyaka. Ja da baya.

Tashi ɗaya ba ya kashe ta. Amma a lissafa: wannan ya tashe ta da safe, wancan da hantsi, wasu da azahar, kowa na cewa sau ɗaya ne kawai, haka kullum har makonni. Ƙarfin da za ta yi farauta da shi ne ke zubewa. Sannan duk sa'ad da ta tashi da rana ta tona wa kanta asiri. Abin da muka sani a nan gida na yadda tsuntsaye ke taruwa a kan mujiya idan ta fito da rana, can ma haka yake. Hankaki kan yi mata rubdugu, shaho da gaggafa na iya kai mata hari, kuma a gari tana iya faɗawa gaban mota. Lokacin da wata ta sauka a dandalin Central Park na New York ranar 27 ga Janairu, 2021, karo na farko tun 1890, hankaki da wani shaho ba su bar ta ta huta ba, ga kuma wani da ya tashi ƙaramin jirgi mai ɗaukar hoto a samanta har sai da ma'aikatan wurin suka tsawatar.

Ƙa'idar da aka fi bayarwa ita ce a tsaya nesa, kamar mita 100 idan wurin ya ba da dama, a yi amfani da madubin hangen nesa. A rage murya, a riƙe kare, kada a kewaye ta ta kowane ɓangare, kada a bi ta idan ta sauya wuri. Zama cikin mota ya fi, domin ba ta ɗaukar mota a matsayin barazana kamar mutum a tsaye. A ganina duk hoton da aka samu ta hanyar tayar da ita ba abin alfahari ba ne, komai kyansa. Ta Cypress ta yi dace ta wani ɓangaren, domin rufin gida ya raba ta da mutane, kowa ya tsaya a bakin titi.

Shi ya sa wasu ke ɓoye inda suka ga mujiya?

Shi ne dalili. Zaurukan masu kallon tsuntsaye da yawa sun hana faɗin takamaiman wurin da mujiya ke kwana, wasu kuma sai bayan ta tafi suke ɗora hoto. Tun 2017 eBird ke ɓoye ainihin wurin da aka ga wasu nau'o'in da ake tsoron a dame su ko a kama su. Wannan na jawo gardama, kuma kowane ɓangare na da hujja. Masu cewa a faɗa suna ganin yaron da ya taɓa haɗa ido da wannan tsuntsuwa zai girma yana kare irinta, kuma ba adalci ba ne 'yan tsiraru su riƙe labari a junansu. Na fi karkata ga a duba wurin. Inda akwai shinge ko ma'aikatan da za su tsare tazara, a bar jama'a su zo. Inda bakin teku ne babu mai tsawatarwa, shiru ya fi.

Laifi ne a jefa mata ɓera don ta ci?

Laifi ne. Wasu masu ɗaukar hoto kan sayo ɓera a shago su saki don ta taso su ɗauke ta tana shawagi. Hakan na koya mata alaƙanta mutum da mota da abinci, ƙarshenta ta riƙa sauka bakin titi. Kamawa ko kashewa ko ajiye ta ba izini kuwa, dokar kare tsuntsaye masu ƙaura ta Amurka ta 1918 ta haramta.

Zafin kudu ba ya damunta?

Jikinta an gina shi ne don sanyin da ke kai digiri 40 ƙasa da sifili, saboda haka rana mai ɗumi na takura mata. Za a ga ta buɗe baki maƙogwaro na rawa, ta ɗan saki fukafukai, hanyarta ke nan ta fitar da zafi. Sanyin kudancin Kalifoniya mai sauƙi ne, kuma zamanta ya zo daidai da mamakon ruwan saman da aka yi a jihar a farkon Janairun 2023. Abin da ya fi zafi haɗari shi ne cututtukan da ba ta saba da su ba, musamman wata cutar huhu da funfuna ke haddasawa.

Suna komawa gida kuwa?

Da yawa suna komawa. Na'urorin bin sawu sun nuna suna juyawa arewa daga watan Maris zuwa Afrilu, wasu ma su dawo fili ɗaya a sanyin da ke tafe. Waɗanda ba su koma ba, yawanci hannun ɗan Adam ne sanadi: karo da mota ko jirgi, wayar lantarki, da guba. Likitocin da ke binciken gawarwakinsu suna yawan samun maganin ɓera a hantarsu, irin mai hana jini daskarewa. Ɓera ya ci, ya fito yana tangaɗi, mujiya ta ɗauke shi cikin sauƙi, gubar ta taru a jikinta. Daga 2022 kuma murar tsuntsaye ta shigo, tana kama masu cin agwagin da suka kamu.

Tana cikin haɗarin ƙarewa?

Ganin ɗaruruwa a gaɓa cikin sanyi guda na iya ruɗar mutum. A da ana ƙiyasta yawansu a duniya da 200,000 ko fiye. Da aka gane cewa yawo suke yi, wadda ta yi sheƙa a nan bana tana iya yin ta baɗi ɗaruruwan kilomitoci daga wurin, sai aka fahimci an yi ta ƙirga tsuntsu ɗaya sau da yawa. Sabon ƙiyasi bai wuce manya 28,000 ba. A 2017 ƙungiyar IUCN mai lura da halittun duniya ta saka ta cikin jerin masu rauni.

Babbar damuwar tana can mazauninta na Aktik. Lemin na hayayyafa ne a ƙarƙashin dusar ƙanƙara mai laushi. Idan yanayi ya yi ɗumi aka yi ruwan sama a tsakiyar sanyi, sai ƙasan ya daskare ya zama dutse, ɓeran ya kasa kaiwa ga ciyawa. A arewa maso gabashin Greenland, ambaliyar lemin ta daina zuwa tun wajen shekarar 2000, kuma masu bincike sun ga 'ya'yan da mujiyoyin yankin ke fitarwa sun ragu da fiye da kashi 98 cikin 100. A Utqiagvik da ke Alaska, inda masanin mujiya Denver Holt ke bibiyar sheƙoƙinsu tun 1992, shi ma ya ga raguwar lemin da ta mujiya tare.

Mu da muka taso ana cewa mujiya mugun abu ce, me za mu ce da masu yin tafiya don ganinta?

Ba mu kaɗai muka gaji wannan camfi ba, Turawa ma sun daɗe suna danganta kukanta da mutuwa. Abubuwan da ke ba mutane tsoro a jikinta duk kayan aiki ne. Idanunta ba sa juyawa a cikin gurbinsu, shi ya sa take juya kai har digiri 270, da taimakon ƙasusuwan wuya 14, ninki biyu na namu. Tashinta ba ƙara saboda bakin gashin fukafukanta mai laushi ne, don kada ɓera ya ji zuwanta. Addini ma ya hana camfa tsuntsaye. Mujiya mai farar fuska da ke kwana a tsofaffin gine-gine da kogon bishiya a garuruwanmu, ɓerayen da ke ɓarna a rumbu take ci kowane dare. Manomin da ya bar yara suka jefe ta, ma'aikaciyarsa ya kora. Lardin Quebec kuwa tun 1987 ya zaɓi farar mujiya ta zama tsuntsuwar da ke wakiltarsa.

Za a iya ganin irinta a Afirka ta Yamma?

A'a. Ko a Birtaniya baƙuwa ce, duk da cewa ta taɓa hayayyafa a tsibirin Fetlar na arewacin Scotland daga 1967 zuwa 1975. Amma mai sha'awar wannan harka ba sai ya tsallaka teku ba. Dausayin Haɗeja da Nguru na karɓar ɗimbin tsuntsayen da ke tsallako Sahara daga Turai a lokacin hunturu. A kusa da Jos akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI a dajin Amurum, wadda aka kafa a 2001, kuma ita ke jagorantar aikin zana taswirar tsuntsayen Najeriya, inda 'yan sa-kai ke aika abin da suka gani ta wayar hannu. Duk wanda ya san isowar shamuwa na nuna damina ta kusa, ya riga ya fara wannan ilimi. Abin da ya rage shi ne rubuta rana da wuri da adadi.

Idan mutum ya tsinci mujiya a ƙasa, me zai yi?

Ya fara lura tukuna. Farar mujiya zaman ƙasa ɗabi'arta ce, ba alamar ciwo ba. A namu nau'o'in ma, ɗan da ya fara koyon tashi kan sauko ƙasa iyayen na kusa suna ciyar da shi, don haka in ba kare ko kyanwa ko yara a wurin, a bar shi. Mai rauni ita ce wadda fiffike ɗaya ke ja a ƙasa, ko akwai jini, ko ba ta iya ɗaga kai. Ita ana rufa mata tawul ko zane mai kauri, a kama ta ta baya a kula da faratan domin sun fi bakin haɗari, a sa ta a kwali mai ƙofofin iska a wuri mai duhu da shiru. Kada a ɗura mata ruwa ko abinci, tana iya shaƙewa. Daga nan sai a nemi likitan dabbobi ko ma'aikatan gandun daji mafi kusa.